Jan Magani da Hannun Malam Sahabi

Da sunan Allah nake farawa, wanda cuta ba ta sauka sai da saninSa, ba ta kuma tashi sai da izininSa.

'Yan matan unguwarmu nan Tambuwal masu karatun aikin jinya sukan shigo gaishe ni in an yi hutu. Kwanan baya ɗayarsu tana taya ni tsintar shinkafa ta ce, "Inna, ai sa wa mutum ƙarin ruwa ba wani aiki ba ne. A ɗaure hannu, a soka, a manna filasta, a wuce gado na gaba." Sauran suka ce wallahi kuwa. Ban ga laifinsu ba, don allurar zamaninsu roba ce mai taushi, tana kwanciya cikin jijiya ta yi lamo. To, ku matso, 'ya'yana, in gaya muku yadda ni na san aikin.

Na gama sakandare a Sakkwato aka yi mini aure, a shekarun da aka yanka mana jiha tamu ta kanmu, kuɗin mai na shigowa ta ko'ina. Maigidana malamin gona ne, aka tura shi ƙaro karatu wani gari mai nisa gabas da mu, inda akwai babban asibitin da ake koyar da likitoci. Zaman kaɗaici ya ishe ni, na nemi izininsa, aka ɗauke ni mataimakiyar nas a ɗakin maza masu ciwon ciki. Da yake bakina na Sakkwato ne, mutanenmu sun fi sakin jiki da ni, don haka duk wanda aka kawo daga yammacin nan gadonsa nawa ne.

Aikin farko da Sista Rifkatu ta ba ni dafa allura ne. Mutuniyar Zuru ce, gajera, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ki ta saman tabarau sai kin sake duba abin da ke hannunki. Allurorin na ƙarfe ne, ba a yar da su. A wanke, a zura siririyar waya a fitar da abin da ya maƙale, sannan a ja bakin kowace a kan auduga. In ta kama zare ko ɗaya, bakinta ya lanƙwashe ke nan, sai a goga a dutse kafin a tafasa. Sirinji na gilashi ne, kowane da sandar turawarsa, in kika haɗa ta wani da jikin wani yoyo zai yi. Sai robar ɗaure dantse, da ɗan katako naɗe da bandeji wanda ake ɗora hannu a kai don kada ya motsa, da kwalaben ruwa masu nauyi da ake ratayewa jikin ƙarfe. Na daɗe a kan waɗannan kafin ta bar ni in taɓa fatar mutum.

Ranar da ta fara koya mini neman jijiya, rufe ido ta sa na yi. Ta ce, "Ido ba ya nuna komai a hannun manomi. Rana ta gasa shi, fartanya ta taurara shi. Da yatsa za ki nema." Ta miƙo nata hannun, ta ɗora yatsana. Mai tauri kamar igiya, wannan ta motsa yatsu ce, ba jini a cikinta. Mai bugawa, wannan daga zuciya ta taso, ba a taɓa ta. Mai taushi da ke lotsawa ta dawo, ita ake nema. A tsakiyar hannu ake so a same ta, inda akwai tsoka, ba a bayan tafi ba, ba a wuyan hannu ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne jan magani. Na masu ciwon daji ne, kuma a ɗakinmu ciwon daji na hanta ya fi yawa. Gari ne cikin 'yar kwalba, in an dama shi da ruwa sai ya koma kalar zoɓo. Muna gaya wa marar lafiya tun da wuri cewa fitsarinsa zai yi ja, kada ya firgita. Likita ne ke tura shi a hankali ta cikin robar ƙarin ruwa. Ni kuwa aikina in zauna, in riƙe hannun, idona a kan bakin allura. In maganin nan ya bi jijiya, jini ya tafi da shi. In kuwa allura ta ɗan goce ya zuba ƙarƙashin fata, cin nama yake yi, yana ci har ya kai ga igiyoyin yatsu, ya bar gyambon da ke daɗewa bai rufe ba. Kuma kafin ido ya ga kumburi, mai hannun ya riga ya ji zafi. Shi ya sa ake ta tambaya, "Baba, kana jin zafi?"

Na farko da na ga an bi masa wata hanya dabam shi ne Ɗan'ige, wani mahauci daga Dogon Daji. Ya zo a rame, gefen cikinsa na dama ya tasa, da tauri kamar an cusa dutse ƙarƙashin haƙarƙari. Fatar wurin duk tabon sakiya ne da tsagar wanzami, kamar yadda akasarin mutanenmu ke zuwa. Babban likitanmu a lokacin Bamisire ne, Hausarsa ba ta nuna ba, ni ke fassara. Ya ɗauko biro yana zana hanta, yana cewa jini na shiga cikinta ta hanya biyu.

Ɗan'ige ya leƙa zanen ya ce, "Likita, wagga hantar akuya ta, ko ta mutum? Ni da hanta mun san juna tun ban kai tsawon teburin fawa ba. Akwai babba mai taushi wadda ka tasowa daga hanji, da ƙarama mai tauri gefenta, kusa ga maɗaciya."

Likita ya yi dariya ya ce su ne, amma ga abin da wuƙa ba ta nunawa. Lafiyayyar hanta daga babbar nan take samun mafi yawan jininta. Ƙarin da ya fito a cikinta kuwa daga ƙaramar yake sha, mai bugawa. In aka sa magani a hannu, sai ya je zuciya, ya zagaya jiki duka, ya zubar da gashi, ya saɓule baki, ya rage jini, sannan abin da ya saura ya isa ga ƙarin a tsinke. Amma in aka yi tiyata aka zura siririyar roba cikin ƙaramar jijiyar, ƙarin ne zai fara sha, da kauri.

Ɗan'ige ya ce, "Wato a zuba ma ɓarawo guba cikin akushinshi, ba cikin tukunyar gida ba. To, a yanka. Na yanka da yawa, yau layi ya zo kaina."

Robar nan ta fito ta fatar cikinsa, an kama ta da ɗinki, da ɗan makulli a bakinta. Kula da ita ya fi neman jijiya wuya. Kullum sai an tura mata ruwan da ke hana jini daskarewa, in ba haka ba ta toshe, tiyatar ta tashi a banza. In aka bar makullin a sake, jini ne zai biyo ta yana bugawa. Sista ke wannan, ni ina goge gefen da sifirit, ina sake auduga, ina hana shi sosawa. Cikinsa ya yi taushi, ya fara cin abinci, har yana tsokanarmu wai naman asibiti saniyar ta ga jikokinta kafin a kayar da ita. Da ƙafarsa ya hau mota. Ba zan yi muku ƙarya ba, 'ya'yana, bai warke ba. Ban taɓa ganin wanda ciwon nan ya saki gaba ɗaya ba. An ce ya koma kasuwa ya zauna kusa da teburinsa, ya ga damina ya ga kaka, sannan Allah Ya karɓi abinSa. Abin da maganin ke saya ke nan: ɗan lokaci, da sauƙin raɗaɗi.

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo. Sito da a da ba a iya rufe ƙofarsa don kwalaye ya koma ana shara a ciki. Bamisiren ya tattara ya koma ƙasarsu. Siririyar robar ta ƙare, ba a sake kawowa ba. Jan maganin ma wata rana akwai, wata rana babu. Aka bar mu da wani matashin likita Bayarabe, mai natsuwa, wanda muke kira ƙaramin likita. Hanya ɗaya ta rage mana: jijiyar hannu.

A wannan shekarar aka kawo Malam Sahabi daga Kebbe, kwance a bayan a-kori-kura, hanyar nan tasu ta gama jijjiga shi. Dattijo ne mai karantarwa a zaurensa, fari, siriri, mai tsabta. Ba shi da ɗa namiji da ya girma, don haka wanda ya zo jinyarsa shi ne Ladan, mijin babbar ɗiyarsa. Kun san tsakanin surukai a wurinmu. Ladan ba ya shiga ɗakin da takalmi, a bakin ƙofa yake cirewa. Ba ya zama a kujera, tsugunawa yake wajen ƙafar gado, kansa a ƙasa. Malam kuwa ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mutumin nan", ba ya kuma kai loma baki sai Ladan ya fita. Amma da an gama ci Ladan ya dawo mazauninsa, don yana ganin barin tsohon shi kaɗai rashin kyautawa ne.

Ƙaramin likita ya yi masa bayani bai ɓoye komai ba, har da hanyar da aka bi wa irin su Ɗan'ige wadda yanzu babu kayanta. Malam ya saurara har ƙarshe. Da likita ya wuce ya ce mini, "Ɗiyata, ɗiyar wa kike Tambuwal?" Na faɗa masa, ya ce ya san kakana. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, "Ban roƙi tsawon kwana ba, wannan an riga an rubuta. Abu guda nika so: in ci da hannuna, in yi alwala da kaina, har ranar da za a wanke ni. Ku yi aikinku ga na hagu, ku bar mani wanga."

Haka muka yi. Duk zuwan da zai yi, hagu muke bi, muna hawa daga ƙasa zuwa sama. Maganin ya karɓe shi, raɗaɗin ya lafa, yana samun barci, yana sallarsa a zaune. Sai dai jan magani ba ya barin jijiyar da ya bi. Ɗaya bayan ɗaya suka taurare, suka yi baƙi kamar an ja layi da gawayi. Ranar da muka rasa jijiya a hagun, ni da Sista mun gasa hannun da tawul mai ɗumi, mun sa ya sake shi ƙasa, mun laluba har hammata, babu. Ƙafafunsa kuwa sun kumbura. A hannun dama jijiyoyin tsakiyar sirara ne kamar zare, mai kyau ɗaya ce, ɗan sama da wuyan hannu kaɗan, daidai inda aka hane mu.

Likita ya gaya masa, ya ce zaɓi nasa ne. Malam ya dubi hannun ya daɗe, ya ce, "In an bari, ciwon na dawowa?" Aka ce yana dawowa. Ya ce, "To, bisimilla. Ɗiyata, ki riƙe shi da kyau."

Da hantsi ne. Sista ta sa allurar da kanta, jini ya biyo baya, alamar tana ciki. Muka ɗaure katako, ruwa ya fara sauka lafiya. Likita ya zauna ya soma turawa. Ladan na tsugune a inda ya saba, riƙe da buta.

"Baba, kana jin zafi?"

"Lafiya lau, ɗiyata."

Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Tasbaha na hannun hagu tana tafiya. Fatar wurin allura kwance take, ba kumburi, ba ja. Na sake tambaya, ya sake cewa alhamdu lillahi. Sai dai mayafinsa ya ɗan janye, ƙafafunsa na waje, na ga yatsun sun dunƙule sun kama zanen gado kamar mai taka garwashi. Na dubi tasbahar, ta tsaya.

Na ce, "Likita, dakata."

Tun farko shi ya ce mana ko shakka muka yi mu tsayar da shi, don haka nan take ya ɗauke babban yatsansa daga kan sirinji. Ya ja sirinji baya, jini bai biyo ba. Sista ta rufe ruwan, ta juya ta ce wa Ladan ya yi sauri ya je ɗakin ajiyar jini ya karɓo ƙanƙara. Ya miƙe ya fita.

Ƙofa na rufuwa Malam ya saki wani nishi da ban taɓa jin irinsa daga bakinsa ba. Ya ce, "Wuta, ɗiyata. Tun ɗigon farko wuta nika ji."

Na ce, "Haba Baba! Ai na tambaye ka."

Ya ce, "Gaban mijin ɗiyata?"

Likita ya zuƙe abin da zai zuƙu ta cikin allurar kafin ya zare ta. Muka ɗaga hannun a kan matashi, muka dinga ɗora ƙanƙara cikin tawul muna ɗaukewa. Kaɗan ne ya zuba, amma kaɗan ɗin nan sai da ya yi aikinsa. Wurin ya yi ja, ya yi ƙuna, bayan kwanaki ya yi baƙi kamar faɗin kwabo, fatar ta faɗa. Kowace safiya in na buɗe bandeji abin da nake dubawa ɗaya ne: ko farar igiyar yatsu ta bayyana a ƙasan ramin. In ta bayyana, hannun ya ƙage ke nan, sai dai a ba shi abinci a baki. Ina wankewa da ruwan gishiri, likita na yanke mataccen nama da ɗan almakashi, Malam na kallon rufin ɗaki, Ladan kuwa kafin a fara ya fice ba wanda ya ce masa.

Yatsunsa suka fara sanƙarewa don rashin motsi. Na samo masa lemon tsami na ce ya riƙa matsawa. Ya ce, "Yau ga Sahabi da abin wasa. Ɗalibaina su ji wanga labari, na shiga uku." Amma yana matsawa, safe da yamma, yana haɗawa da istigfari. Allah da ikonSa ramin ya tsaya gab da igiyar, jan nama ya fara tasowa daga gefe. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su sake miƙewa sosai ba, sauran ukun suna aiki. Ranar da ya tara tafinsa na zuba ruwa ya tsaya bai tsiyaye ba, ya kai fuska ya wanke, Sista Rifkatu da ba ta cika magana ba ta ce, "Mun gode Allah."

Lokacin magani na gaba ya zo. Likita ya ce akwai jijiya a wuya da za a iya gwadawa. Malam ya ce, "Likita, ka yi iyakar yinka, Allah Shi saka maka. Abin da ya rage na hannu, da shi za ni gida." Likita ya sake gaya masa ciwon zai dawo, kuma da ƙarfi. Ya ce ya sani. Aka haɗa masa maganin rage raɗaɗi, Ladan ya nemo mota.

Daga kansa ne muka sake tsarin aiki a ɗakin nan. Kafin a dama jan magani sai na tambayi wanda ke tsaye kan marar lafiya, shi wane ne a wurinsa. Suruki, ɗan fari, ɗalibi, ƙanen mata, duk sai mu nemo musu aike. Mu yaye mayafi daga ƙafa. Tambayar ma muka sake ta, don dattijon ƙasarmu in kika ce yana jin zafi, kin tambaye shi ne ko shi rago ne. Sai mu ce, "Baba, sanyi ka ji yana hawa, ko ɗumi?" Wannan yana iya amsawa.

Da maigidana ya gama karatu muka dawo Tambuwal, na ajiye aiki na kama renon yara. Wata ranar kasuwa aka yi sallama, maigida ya fita, ya dawo ya ce baƙo ne daga Kebbe yana son gaishe ni. Na yafa mayafi na fito zaure, sai ga Ladan tsugune. Tun kafin ya yi magana na san abin da ya kawo shi. Muka yi masa ta'aziyya, aka kawo ruwa ya sha. Sannan na tambaye shi hannun.

Ya ce, "Malama, ranar da anka aike ni ƙanƙara ban yi nisa ba. Ina bakin ƙofa ina sa takalmi, na ji abin da yac ce miki. Ashe zamana ne ya ƙone shi."

Maigidana ya ce, "A'a, Ladan, kada ka ce haka. Alheri ka nufa."

Ya ce, "Alheri na nufa. Amma da munka koma Kebbe ban ƙara zama inda shika ganina ba. Ciwon ya dawo kamar yadda likita yac ce. In ya taso mishi sai in fita in ja ƙofa, in kore yara, shi yi nishinshi son ranshi. Tuwo da hannunshi shika ci, ko loma biyu ta. In lokacin salla ya yi sai in cika buta in aje mishi gefen shimfiɗa da tasa, in zagaya bayan ɗaki in tsuguna. In na ji ruwa na zuba cikin tasa, in san shina alwala. Babu wanda ya taɓa zuba mishi, har ƙarshe."

Ya gyara hularsa.

"Ranar, da azahar, na aje buta na zagaya. Na jira, na jira, ban ji ruwa ba. Sannan na shiga."

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya sa abin da ya sha ya zama kaffara.